Yadda mai ƙaramin ƙarfi zai shiga inshorar lafiya ta gwamnati ba tare da ya biya ko sisi ba

Har yau mutanenmu da yawa ɗauka suke inshorar lafiya ta ma'aikata ce kawai masu albashi, to da can zamanin NHIS, tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, kusan haka abin yake, amma a 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka aka canza wa hukumar suna zuwa NHIA, kuma dokar ta ambaci masu rauni ƙarara, mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da wanda ba shi da cin yau balle na gobe. Kuɗin da ake biya musu yawanci daga asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF, yake fitowa, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ta ce a dinga zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a ciki. Ba alfarma ba ce wani ɗan siyasa yake maka, haƙƙinka ne.

Farko dai ka nemi lambar NIN, taka da ta maiɗakinka da ta yara, don ita za a fara tambaya, kuma nan ne mutane da yawa suke maƙalewa, ranar rajista ta zo uwa tana da lamba yara ba su da ita.

Daga nan ka je ƙaramin asibitin mazaɓarku, ka nemi incaji ka tambaye shi ko asibitin yana cikin tsarin BHCPF da kuma yaushe za a ɗauki sababbin mutane. Ba Abuja ce take rajistar ba, hukumar jiharku ce, a Kano KSCHMA, a Kaduna KADCHMA, a Jigawa JICHMA, sauran jihohi ma kowacce da tata. Gurbin ba ya isar kowa gaskiya, rukuni-rukuni ake ɗauka kuma sau da yawa daga rajistar talakawa ta jiha ake zaƙulo sunaye, shi ya sa yana da kyau mai unguwa da kwamitin raya mazaɓa su san halin da gidanka yake ciki tun kafin lokacin. Duk wanda ya ce kawo na goro in saka sunanka, kar ka ba shi, rajistar kyauta ce.

To ga abin da ya fi damuna. Mutum ya samu katin inshorar bayan rajista sai ya jefa shi ƙasan akwati, yaro ya yi zazzaɓi a ruga kemis a ci bashin allura, alhali an riga an biya wa yaron nan kuɗi a asibitin da aka rubuta a katinsa, don tsarin haka yake, ana tura wa asibiti kuɗi ne bisa yawan mutanen da aka yi wa rajista a wurin ko sun zo ko ba su zo ba. In ba ka je ba kai ka yi asara. Awon ciki, haihuwa, maganin maleriya, gudawar yara, gwajin hawan jini da ciwon suga duk suna ciki, dan Allah 'yan uwa mata a dinga zuwa awo da katin a hannu.

In ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti kar ka ɗau mara lafiya kai tsaye zuwa babban asibiti, sai dai in abin gaggawa ne, ka bari su rubuta maka takardar turawa, da ita ne can za su karɓe ka a ƙarƙashin tsarin, ba ita kuwa sai su caje ka kamar kowa. Kuma ka tambaya tun farko me aka ɗauke maka me ba a ɗauke ba, don ba kowane aiki ne yake ciki ba, musamman manyan cututtuka masu cin kuɗi. Tiyatar haihuwa kuwa, a ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da yin ta kyauta ga mata marasa hali a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, mai ciki ta tambayi wanne ne ya fi kusa da ita tun tana awo, ba sai naƙuda ta yi tsanani ba.

In aka ce maka ba magani je ka saya, ko aka nemi kuɗi kan abin da yake cikin tsarin, ka rubuta rana da sunan asibitin ka kai ƙorafi ofishin hukumar jiharku ko ofishin NHIA na jihar, in da hali ku tafi ku biyu ko uku da abin ya shafa, an fi saurin saurarenku.