Yadda ake gano matsalar na'urar faifai ta laftof kafin a kai wa mai gyara

Yawancin sababbin laftof sun daina zuwa da wajen sa faifai, amma a nan Jos faifai bai bar mu ba tukuna. Asibiti zai yi maka hoton CT ya miƙo maka sakamakon a CD, ga bidiyon biki da tafsirin azumi jibge a kwali shekara da shekaru. Yawancin kwamfutocin da ake saye a wajejen Terminus da titin Ahmadu Bello kuwa na hannu ne, tsofaffin HP da Dell da Lenovo masu tire a gefe. Ranar da tiren ya yi gardama, maganar da za ka fara ji ita ce "ai ya mutu, sai dai a canza." Sau da yawa da ransa. Laifin yakan kasance na faifan, ko na idon na'urar, ko na Windows, ko na mahaɗar ciki, kuma da wannan jerin ya kamata ka bi su, daga wanda ba ya cin ko sisi zuwa mai cin kuɗi.

Fara da faifan. Nemo CD ɗaya da DVD ɗaya waɗanda ka tabbata suna aiki a wata na'urar. Kada ka yi gwaji da faifan da ya kwana biyu a gaban mota yana shan rana, domin wanda aka ƙona a shago zafi na cinye shi. Idan akwai shatin yatsa, goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Sannan ka danna shi a kan sandar tsakiyar tiren har ka ji ya ce ƙas. Na laftof ba irin na'urar falo ba ce da ake ɗora faifai kawai a tura.

Yanzu rufe tiren ka kasa kunne. Idan faifan ya ɗauki gudu, ya tsaya, ya sake ɗauka, ya sake tsayawa, to injin juyawa lafiyarsa lau, idon ne ke neman rubutu bai gani ba. A nan gwajin faifai biyu yake da amfani. A cikin na'urar akwai hasken lesa iri biyu: na CD mai tsawon zango nanomita 780, da ja na DVD mai 650. Ɗaya na iya raunana ɗayan na aiki. Na'urar da ke karanta CD tana ƙin kowane DVD, ko akasin haka, yawanci lesarta ɗaya ce ta gaji, kuma wannan babu manhajar da za ta gyara shi. Idan duka biyun take ƙi, zargi ƙura tukuna.

Wanda ya san hunturun Jos ya san inda ƙurar Disamba da Janairu ke shiga. Buɗe tiren, kashe kwamfutar, cire caja. Za ka ga ɗan gilashi mai sheƙi, bai fi ƙwayar dawa girma ba, zaune a kan wani ƙarfe mai zamewa. Shi ne idon. Fara hura masa iska da 'yar robar hura ƙura ta masu gyaran waya, ba da baki ba, don tururin numfashi da yawu za su bar tabo. Sai ka ɗiga sifirit ɗin isopropyl kaɗan a kan audugar goge kunne, ka shafa sau biyu ko uku a hankali. Idon yana lilo ne a kan wasu siraran wayoyi, za ka ga yana motsi da ka taɓa shi. Idan ka danna da ƙarfi ka lanƙwasa su, shi ke nan. Kada ka kusantar da turare, fetur ko ruwan omo. Bar shi ya bushe na 'yan mintuna kafin ka kunna. Faifan nan mai ɗan burushi da ake sayarwa wai yana wanke ido, ni ban ga dalilinsa a laftof ba, tunda ga idon a fili hannunka na kaiwa.

Idan kuma tiren ne ya ƙi fitowa, kashe kwamfutar, miƙar da kilif ɗin takarda, ka soka a ɗan ramin da ke kusa da maɓallin buɗewa. Zai saki. Kada ka sa wuƙa ka ɓanɓare.

Wata matsalar daban ce: ka buɗe This PC babu alamar na'urar sam. Sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ta hanyar danna F10 a yawancin HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Kana can, danna maɓallin tiren. In ya buɗe, wuta na isa gare ta. Duba kuma ko an kashe ta a saitin, domin kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai wani lokaci haka suke zuwa. Daga nan koma Windows, buɗe Device Manager, nemi DVD/CD-ROM drives. Danna dama a kan sunan na'urar, zaɓi Uninstall device, ka sake kunnawa. Windows zai girka ta da kansa.

Idan ka ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa da Code 19 ko Code 39, yawanci wata manhajar ƙona faifai ce da aka cire ta bar saura. Maganin yana cikin regedit, manhajar gyara rumbun saitunan Windows, a HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Class, ƙarƙashin babban fayil mai farawa da 4D36E965. Za ka goge UpperFilters da LowerFilters na wannan wurin kaɗai, bayan ka yi Export ka ajiye kwafi, sannan ka sake kunna kwamfutar. Akwai maƙwabtansa masu lamba kusan iri ɗaya, kuma goge na wani zai iya kashe maka kibod ko ya hana Windows tashi. In hannunka bai saba ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, kai wa wanda ya iya.

Akwai kuma masu cewa na'ura ta lalace alhali fim ne kawai ya ƙi tashi, fayiloli kuwa suna buɗewa. Tun Windows 8 a 2012 Microsoft ya daina haɗa manhajar kallon DVD a ciki. Sauke VLC, kyauta ne. Idan faifan asali ne ya kawo ƙorafin yanki, wato an yi shi ne don wani yankin duniya daban, ka sani Amurka yanki na 1 ce, Turai na 2, Nijeriya na 5, kuma sau 5 kacal na'urar ke yarda a canza mata kafin ta kulle a na ƙarshe.

In tiren bai motsa ko a BIOS ba, saura mahaɗa. Cire batir, kifa kwamfutar, nemi noti ɗaya da ke riƙe da na'urar, sau da yawa da ɗan zanen faifai kusa da shi. Kwance shi da sukundireba, zaro na'urar, hure bakin mahaɗar, mayar da ita ta zauna daram. A wasu sirara sai an cire murfin ƙasa gaba ɗaya.

Duk wannan bai yi ba, to yanzu ne maganar canji ta taso. Kauri biyu ne aka fi samu, milimita 9.5 da 12.7, kuma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya, don haka tafi da tsohuwar a hannu. Murfin gaba da ɗan ƙarfen baya za a ciro daga tsohuwar a ɗaura wa sabuwar. Wanda ba kullum yake sa faifai ba, ta waje mai USB ta fi masa, ramin tsohuwar kuma a sa masa akwatin SSD, wato ma'ajiyar fayiloli. Ko wacce ka zaɓa, riƙe CD da DVD ɗinka ka ce wa mai shago, "Malam, a gwada duka biyun a gabana," kafin ka ƙirga kuɗi.