Kansar ƙoda: yadda ake hasashe da motsin ƙwayoyin gado, daga laftof a Aboabo

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannena na zango masu karatun kimiyya a KNUST da ke ta tambayata wai wane aiki nake yi da laftof har tsakar dare. Na fara shi ne bayan an cire wa kawuna ƙoda ɗaya saboda kansa, muka tambayi likita ko ciwon zai dawo ya ce sai dai a riƙa bibiya, kuma gaskiya ya faɗa, amma abin ya tsaya mini a rai, me ya sa mutum biyu ƙarinsu girma ɗaya an yi musu tiyata iri ɗaya, wannan ya shekara goma garau wancan kuma cikin shekara biyu ciwon ya kai huhu? Wani ɓangare na amsar yana cikin ƙarin kansa, kuma kai ma za ka iya leƙawa ba tare da ka biya ko sidi ɗaya ba sai kuɗin data.

Ka ɗauki Kejetia. Shaguna suna nan kullum, amma wanne ne a buɗe yau, wanne ke cike da masu saye, wanne aka garƙame? Ƙwayoyin gado da ke haɗa furotin a jikin mutum wajen 20,000 ne, su ne shagunan, shi kuma RNA shi ne cinikin ranar, idan aka ƙirga shi za a san wace ƙwaya ke aiki tuƙuru wacce ta yi shiru. Kansar ƙoda da za mu duba ita ce wadda likitoci ke kira ccRCC a taƙaice, wadda ta fi yawa a manya, kusan uku cikin huɗu. Yawanci tana farawa ne da lalacewar wata ƙwayar gado mai suna VHL da ke kan kuromosom na 3, sai furotin HIF ya taru, ƙarin ya ɗauka kamar iskar oksijin ta yanke masa ya shiga kiran jijiyoyin jini ta hanyar wani furotin mai suna VEGF.

To abu na farko ka sauko da bayanai. Shirin TCGA na Amurka, wanda aka fara a 2006, ya auna ƙarin majinyata sama da 500 masu wannan kansar, sunan rukunin KIRC. Hanya mafi sauƙi ita ce shafin intanet na UCSC Xena, ka ɗauko fayil uku, na motsin ƙwayoyi da na rayuwar majinyata, sannan na asibiti mai ɗauke da shekaru da mataki (yadda kansar ta yaɗu) da girad (munin kamannin ƙarin a madubin likita). Na farkon yana da nauyi, ka yi shi da bandul na dare kuma ka tabbata batir a cike yake saboda ɗauke wuta. Sai ka girka R, manhajar lissafin ƙididdiga ce kuma kyauta ce, da kayan aikinta uku, survival da glmnet da survminer.

Kafin komai ka duba lambar kowane samfur. Mai 01 a ɓangare na huɗu ƙari ne, mai 11 lafiyayyen naman ƙoda ne da aka yanko daga gefe, ka cire masu 11 ɗin duka in ba haka ba mutum ɗaya zai shigo maka sau biyu. Ka tabbata ƙididdigar tana kan log2, wato ma'aunin da ke matse manyan lambobi, ka zubar da ƙwayoyin da kusan ba sa motsi a kowa, ni nakan bar 5,000 da suka fi bambanta tsakanin majinyata.

A fayil ɗin rayuwa ginshiƙi biyu muke buƙata, kwanaki nawa aka bi mutum, da kuma 1 ko 0. Mai 1 ya rasu. Mai 0 yana raye a ranar ƙarshe da aka gan shi, ba a ce ya warke ba, kuma kar ka goge shi, don hanyar Kaplan da Meier ta 1958 da ta Cox ta 1972, waɗanda za mu lissafa tsawon rayuwa da su, an gina su ne daidai don irin waɗannan mutanen. A KIRC wajen ɗaya cikin uku ne suka rasu.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku saurara da kyau don nan ne yawanci ake zamewa. Tun kafin ka zaɓi ƙwaya ko ɗaya, ka raba majinyatan gida biyu, kashi 70 na koyo kashi 30 na gwaji, ka sa set.seed don rabon ya maimaitu, sannan ka kulle na 30 ɗin kar ka leƙa su ko da wasa. Dalili shi ne kana da ƙwayoyi dubbai amma rasuwa ɗari da 'yan kai ce kawai, a irin wannan hali ko lambobin bogi ka zuba sai ka samu wasu sun yi kamar suna hasashe, to idan ka zaɓi ƙwayoyinka da duka majinyatan sannan ka gwada a cikinsu ka zama malamin da ya nuna wa yaro takardar jarrabawa da daddare ya zo da safe yana murnar ya ci ɗari bisa ɗari. Ni kaina na yi wannan kuskuren a karon farko, layukan rayuwar masu haɗari babba da ƙarami suka rabu kyau kamar me, da na gyara sai rabin tazarar ta ɓace, kuma wannan na biyun shi ne gaskiya.

A cikin na 70 ɗin ka kira cv.glmnet da family="cox", wannan shi ne LASSO, yana matse ƙwayoyin da ba su da amfani zuwa sifili ya bar maka 'yan kaɗan kowacce da nauyinta. Makin majinyaci shi ne motsin kowace ƙwaya sau nauyinta, a tara. Ka ɗauki maki na tsakiya daga rukunin koyo ya zama iyaka, sai yanzu ka buɗe na 30, ka raba su masu haɗari babba da ƙarami da wannan iyakar, ka zana layukan Kaplan-Meier, ka fitar da C-index, wato lambar da ke nuna yadda makin ke dacewa wajen gane wanda zai riga wani rasuwa. Idan 0.5 ne to canki-canki kake yi, 1 kuma ba kuskure ko ɗaya, kuma in ka ga ya kusa 1 ka koma ka nemi inda amsa ta tsiyaye.

Sannan tambayar da likita zai yi maka: me makinka ya ƙara a kan abin da na riga na sani? Mataki na TNM da girad na Fuhrman da shekaru suna hasashe sosai su kaɗai, kuma suna cikin fayil ɗin kowane majinyaci. Ka zuba su tare da makinka cikin coxph ɗaya, wato lissafin Cox a R, in makin ya tsaya da ƙafarsa madalla, in ya narke to mataki kawai yake maimaitawa da tsada. Ka kuma duba ko ƙwayoyin da suka fito suna da ma'ana, rahoton TCGA na 2013 ya nuna ƙarin da ya fi muni yana rage aikin furotin AMPK da PTEN yana ƙara haɗa kitse. Ka gwama da ClearCode34, ma'auni mai ƙwayoyi 34 da ke raba ccA mai sauƙi da ccB mai tsanani. In kana da ƙarfi ka gwada a wata ƙasa, akwai rukunin bayanai E-MTAB-1980 na majinyata 101 daga Japan, sai dai da wata na'ura daban aka auna su don haka sai ka daidaita ma'aunin kowace ƙwaya tukuna.

Wajen rubuta rahoto akwai abin da dole ka faɗa. A 2012 masu bincike a Landan sun yanki ƙari ɗaya wuri-wuri suka tarar wani gefe yana nuna alamar sauƙi wani yana nuna ta tsanani, a jikin mutum ɗaya. Kuma yawancin majinyatan TCGA turawa ne, baƙar fata kaɗan ne, ga shi mu nan muna da irin tamu damuwar, misali wata kansar ƙoda mai saurin gaske da ake kira RMC wadda ke da alaƙa da masu ɗauke da jinin sikila, wannan ma'aunin bai shafe ta ba, haka ma kansar Wilms ta yara. Makin yana magana ne a kan rukuni, cikin mutum ɗari masu irin wannan ƙarin nawa suka kai shekara biyar, don Allah kar wani ya ɗauki lambar ya kai wa mara lafiya a gida ya ce ga sauran kwanansa. Wanda kuma ya ga jini a fitsari ko ciwo a kwiɓi da ya ƙi tafiya ya wuce Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa a yi masa hoto. Kawu ma haka yake yi har yau, duk ranar da likita ya sa masa ni nake raka shi mu hau trotro da sassafe.