Idan Loma Ta Daina Wucewa: Kurakuran Masu Jinyar Kansar Hanyar Abinci

Hanyar abinci bututu ne mai tsawon kusan santimita 25, daga maƙoshi zuwa tumbi. Idan ciwon daji ya kama ta, yakan yi ta matse ta sannu a hankali. Nama ne ke fara tsayawa, sai tuwo, sai kunu, daga ƙarshe har yawun bakin mutum ya gagari haɗiya, ka ga an ajiye masa gwangwani kusa da filo yana ta tofarwa. Idan ciwon ya yi nisa, burin likita shi ne wani abu ya riƙa wucewa kuma wahala ta ragu. A nan ne 'yan uwa, da kyakkyawar niyyarsu, suke yawan ɓata aikin.

Babban kuskuren shi ne ɗura. "Baba, daure ka ƙara loma ɗaya," ga cokali a bakinsa, shi kuwa yana kishingiɗe. Baba ba ƙin abinci yake ba, hanya ce babu. Abin da bai wuce ba dawowa yake, kuma idan ya ƙware, ya faɗa huhu ya zama ciwon haƙarƙari, wanda kan kashe mutum tun kafin kansar. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko takwas a yini, ya kuma zauna kamar awa guda bayan ya gama. Maimakon koko tsararo, a dama kunun gyada da madara, a zuba ɗan mai ko dafaffen ƙwai da aka niƙa, a tace fura da nono ta yi sumul. Kaɗan daga wannan ya fi ruwan koko mai yawa amfani. Idan kuwa da ya kurɓi ruwa sai tari ya turnuƙe shi nan take, a dakatar da komai ta baki a nufi asibiti, don mai yiwuwa ciwon ya huda zuwa hanyar iska.

Wasu kuma wanzami suke kira ya cire beli, ko su yi wata uku ana shan maganin olsa. Matsalar tana can ƙasa cikin ƙirji, inda aska ba ta kaiwa.

Sai tsoron abin da likita zai saka. Akwai wata 'yar raga ta ƙarfe mai siffar bututu, ana zura ta ta baki a naɗe, ta buɗe da kanta inda hanyar ta tsuke. Ba a tsaga ciki, kuma yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu mutum ya fara haɗiya. A Kenya, inda wannan ciwo ya yi katutu, asibitin Tenwek da ke Bomet ya daɗe yana wannan aikin. Gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, wanda ake yi a wurare irin su Shika da Sakkwato da Abuja, shi ma yana buɗe hanyar, amma sai an yi makonni, wani lokaci haɗiyar ma ta fara tsananta kafin sauƙi ya zo. Shi ya sa wanda jikinsa ya yi rauni ƙwarai aka fi zaɓa masa ragar. Jinkirin "bari a ga abin da hali zai yi" shi ke cinye zaɓin duka. Robar ciyarwa ta hanci ko ta ciki ma ba alamar an sallama mutum ba ce, ita kuwa ledar ƙarin ruwa da dangi ke roƙo, ba ta maye gurbin abinci.

Bayan an saka ragar sai murna ta kawo nata kuskuren: a sayo tsire da burodi a ce ya rama abin da ya wuce. Su ne kan gaba wajen toshe ta, tare da nama mai jijiya da ɓawon dabino. A tauna komai ya yi laushi, a yawaita miya, ana ci ana kurɓar ruwa. Idan abu ya maƙale, a daina ci, a kurɓi lemun kwalba mai gas ana ɗan tattaki. In bai sauka cikin 'yan awanni ba, a koma wurin likita. Ya kwana kansa a ɗage, saboda ƙwannafi. Ciwon ƙirji na kwanakin farko ba abin mamaki ba ne, amma aman jini ko zazzaɓi ba a kwana da su a gida.

Magani ma ana kuskure a kansa. Ba kowace ƙwaya ake dakawa ba. Masu alamar SR ko MR an yi su ne su riƙa narkewa a hankali tsawon awanni. Idan aka niƙa morfin (maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi) irin wannan, aikin awa 12 zai shiga jiki lokaci guda. A nemi na ruwa a wurin likita ko mai haɗa magani. Kuma a riƙa leƙa bakin majinyaci da tocilan: farin abu kamar guntun nono a harshe ko dasashi yana ƙara zafin haɗiya, alhali maganinsa na 'yan kwanaki ne.