Yadda ake gyara hasken laftof da ke canzawa bayan ta farka daga barci

Kafin ka taɓa komai, ka lura ko caja na jiki lokacin da ka rufe murfin, da kuma lokacin da ka buɗe. Tsofaffin Windows, kafin sabuntawar Windows 10 ta 2019, suna ajiye matakin haske iri biyu, ɗaya na caja, ɗaya na batir. A irinsu, idan an ɗauke wuta laftof na barci, za ta farka a kan na batir, sai ka ga allo ya dushe. Saita hasken yadda kake so caja na jiki, ka zare ta, ka sake saitawa. Mutane da yawa a nan tasu matsalar ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, shiga Settings, System, Display, ka buɗe Brightness. Cire alamar da ke kan Change brightness automatically when lighting changes. Wannan yana aiki ne da ɗan idon da ke kusa da kyamara mai auna hasken ɗaki, kuma ba kowace laftof ke da shi ba. A Windows 11 akwai na biyu, Change brightness based on content, mai bin launin abin da ke kan allo. Mayar da shi Off. Ka leƙa Battery saver ma, domin a Windows 10 yakan kunna kansa idan batir ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari, ya rage haske.

Masu ƙera katin hoto, wato sashen da ke sarrafa abin da ke fitowa a allo, su ma suna da nasu hannun a ciki. A Intel Graphics Command Center, ƙarƙashin System da Power, kashe Display Power Savings. A manhajar AMD sunansa Vari-Bright. Batir zai ɗan fi saurin ƙarewa, amma lafiyar ido ta fi.

Idan har yanzu haske na tsalle zuwa ƙarshe ko ya faɗi ƙasa duk farkawa, mai yiwuwa direban hoto ne, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin hoto. Yayin barci ana yanke wa fitilar allo wuta, kuma direba ne ke mayar da matakin da ka bari. In ya samu tangarɗa, sai allo ya ɗauki matakin da aka ƙera shi da shi. Buɗe Device Manager, ka duba Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, babu direban ƙwarai ke nan. In kuwa matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Properties, Driver, ka danna Roll Back Driver. Sabon direba a shafin kamfanin laftof ɗinka za ka ɗauko, da ainihin lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Ka guji manhajojin da ke alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya.

Dabarar ƙarshe ita ce ka sa kwamfuta ta gyara kanta. A Task Scheduler, manhajar Windows mai tayar da ayyuka da kanta, ƙirƙiri aiki, a shafin Triggers ka zaɓi On an event: Log ya zama System, Source ya zama Power-Troubleshooter, Event ID kuma 1, wanda shi ne shaidar farkawa. A shafin Actions, Program ɗin powershell.exe ne, da wannan umarni a akwatin Add arguments:

-Command "(Get-WmiObject -Namespace root/WMI -Class WmiMonitorBrightnessMethods).WmiSetBrightness(1,70)"

Lambar 70 ita ce matakin haske, canza ta yadda ya yi maka. A shafin Conditions ka cire alamar Start the task only if the computer is on AC power, in ba haka ba aikin ba zai tashi a kan batir ba.