Yadda ɗalibi ɗan Hispanik zai tantance matsayinsa kafin neman tallafin karatu a Amurka

Kafin ka ɓata dare kana rubuta takardar neman tallafin karatu, fara duba layin da ya yi maganar takardun zama, domin a nan ne ake tace yawancin masu nema. Kasancewarka ɗan Hispanik, wato asalinka daga ƙasa mai magana da Sifaniyanci kamar Meziko ko Kuba, sharaɗi ne daban, matsayinka a wurin hukumar shige da fice kuma daban.

Idan kai ɗan ƙasa ne, ko kana riƙe da katin zama na dindindin, ko an ba ka mafaka, cike fom ɗin FAFSA da wuri, domin shi ne ƙofar tallafin gwamnatin tarayya irin su Pell Grant, wato tallafin da ake ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi. Wanda aka haifa a Puerto Rico ɗan ƙasa ne. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da aka haifa a Amurka, amma ya ƙi cike fom ɗin saboda iyayensa ba su da takardu, alhali matsayinsa ake dubawa wajen cancanta, kuma akwai hanyar da iyaye marasa lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, za su bi su shigar da bayanansu.

Mai cin gajiyar shirin DACA, wanda aka fara a 2012 domin jinkirta korar waɗanda aka shigo da su Amurka suna yara kuma ba su da takardun zama, ba ya samun kuɗin tarayya, don haka ya mai da hankali ga jiha da gidauniyoyi. Kaliforniya tana da fom nata na neman tallafi domin ɗalibai marasa takardu a ƙarƙashin dokar da ta kafa a 2011, gidauniyar TheDream.US kuma domin ɗalibai marasa takardu aka kafa ta. Hispanic Scholarship Fund, wadda ta fara aiki a 1975, ta daɗe tana karɓar masu DACA, amma ka karanta sharuɗɗan shekarar da kake nema, domin dokoki na sauyawa: Teksas ta shafe shekaru tun 2001 tana cajin ɗalibai marasa takardu kuɗin makaranta mai rahusa na 'yan jiha, sai ga kotu ta dakatar da tsarin a 2025.

Mai bizar karatu ta F-1 kuwa ya nufi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, domin mafi yawan abin da zai samu daga asusun jami'ar zai fito.

Idan fom ya kawo ka ga akwatin da ke tambaya ko kai ɗan ƙasa ne, kuma ba haka ba ne, kada ka kuskura ka sa alama, ko da wani ya ce maka ba a bincike. Da'awar zama ɗan ƙasa ta ƙarya tana iya hana mutum samun katin zama har abada. In ka rasa gane rukunin da kake ciki, tuntuɓi lauyan shige da fice, sannan ka rubuta wa masu tallafin ka tambaye su ko suna karɓar irin matsayinka.