Yadda 'yan kasuwar layi ɗaya za su yashe kwatarsu kafin damina

Ina da shagon kayan masarufi a wata ƙaramar kasuwar unguwa a Kano, kuma na daɗe ina cikin masu haɗa aikin gayyar yasar kwata a layinmu. Abokan sana'a na wasu layukan sukan tambaye ni yadda muke yi har aikin yake tasiri, shi ya sa na ga gara in rubuta shi wuri guda. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da yadi, ya san asarar da toshewar hanyar ruwa take jawo wa ɗan kasuwa. Mu ƙanana namu bai kai a faɗa a rediyo ba, amma buhun sukari ko na fulawa da ruwa ya taɓa gindinsa ya tashi daga kaya.

Kada ku tsayar da rana sai kun san motar da za ta kwashe abin da za ku yaso. A nan yawancin gayya take lalacewa. Matasa su fito da shebur, su yi aiki tuƙuru, su tara baƙar laka da leda tsibi-tsibi a bakin kwata, a ɗauki hoto, a watse. Kwana kaɗan awaki da 'yan baro da masu babur sun baje ta, ruwan farko ya zo ya mayar da ita inda aka ciro ta, ga wari an ƙara wa masu abinci a banza. Ku rubuta wa REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, takarda da wuri, ku bi ta hannun shugaban kasuwa ko mai unguwa, ku faɗi layin da ranar da kuke so. Amma lokacin gab da damina kowa mota yake nema, don haka ku yi magana da mai tifa ko mai a-kori-kura na nan kusa, ku yi ciniki, ku ware kuɗinsa tun kafin a sayi ko manjagara ɗaya. Ku tambaye shi inda zai zubar. Idan ya ce miku "kar ku damu, akwai wani kwari a baya," to kwatar wasu zai je ya toshe, ku ce a wurin zuba shara da hukuma ta amince za a kai.

Motar kuma ba ranar aikin za ta zo ba. Lakar da aka fito da ita yanzu ruwa ce zalla, tana da nauyi, tana tsiyaya a titi duk inda motar ta bi. A bar ta ta tsane kwana ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Idan layinku matsattse ne mota ba ta shiga, a riƙa zuba ta a tsofaffin buhunan shinkafa ko na siminti rabi-rabi, yadda mutum ɗaya zai iya ɗagawa, a jera su a jikin bango, ruwan ya tsiyaye ta jikin buhun, sannan a fitar da su bakin titi a baro.

Lokacin da ya fi shi ne Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, kwata ta ja baya, ruwa bai sauka ba tukuna. Zafi ne kawai matsalar, saboda haka ana idar da sallar asuba gari ya ɗan waye a fara, kafin ƙarfe goma an gama mai wuyar. A Kano akwai tsaftar muhalli ta ƙarshen wata: Juma'ar ƙarshe ta kasuwanni da ma'aikatu, Asabar ɗin ƙarshe kuma ta gari baki ɗaya daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. Ku ɗora gayyarku a kan ɗaya daga cikinsu. Dama ba a ciniki a lokacin, babu mai cewa an tsayar masa da kasuwa. Idan azumi ya faɗo a tsakanin, ku bari sai bayan salla, kada a wahalar da mutane.

Sanarwa a masallaci tana da amfani, a roƙi liman ya faɗa bayan azahar lokacin da 'yan kasuwa suka fi cika sahu. Amma ba ta ɗauke muku zagayawa shago-shago ba, kuma ku je ku biyu ko uku, a ciki har da dattijon da ake jin kunyarsa. A kowane layi akwai mai cewa wannan aikin gwamnati ne, yana biyan haraji. Kada ku yi musu da shi, don gaskiya ya faɗa. Abin da nake ce wa irin wannan shi ne, "Alhaji, haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai ranar da ruwa ya shigo, sitonka zai fara gaisarwa kafin ya je ofishinsu." Yawanci sai ya yi dariya ya tambayi nawa ne kason shagonsa.

Kason nan kada ya zama bai ɗaya. Dila mai sito biyu da yaron da ya kafa tebur yana sayar da cajar waya ba za su biya daidai ba. Mu mun kasa uku: manyan shaguna, matsakaita, sai masu tebur da masu kasa kaya a ƙasa, waɗanda in ba su da kuɗi za su iya ba da buhu ko su kama aiki. A sami ma'aji ɗaya da marubuci ɗaya, kuma kada su kasance maigida da yaronsa. Duk wanda ya biya, hannu da hannu ko ta tiransifa, a rubuta sunansa nan take. Bayan aiki a fitar da lissafi dalla-dalla, a tura a zauren WhatsApp na layi, a kuma manna kwafi a ƙofar masallaci saboda dattawan da ba sa duba waya. Na ga layin da gayyarsa ta mutu murus saboda canjin da bai kai kuɗin buhun fiya wata biyu ba, ba don an ci ba, don dai ba a faɗi inda ya shiga ba.

Kuɗin da aka tara, gwargwadon iko a kashe su a cikin layin ko unguwar. Manjagara da ƙugiyar jawo shara maƙeri zai ƙera muku su da kaurin da kuke so, sun fi na kanti da haƙoransu ke lanƙwashewa a laka, kuma in ƙota ta karye gobe kun san inda za ku mayar. Abin da babu a kusa, kamar shebur da diga, a je Ƙofar Ruwa a sayo a sari. Baro a yi haya wurin masu shi. Abincin ma'aikata kuwa kada wani ya ce zai yi odarsa daga wani babban gidan abinci. Ku je wurin matar da take suyar ƙosai a bakin layi tun jajiberi, "Inna, gobe na mutum kaza za ki yi mana, ga kuɗin wake da mai," ku ba mai koko da mai gurasa nasu, zoɓo daga gidajen unguwa. Wannan ba tausayi ba ne kaɗai. Innar nan a shagona take sayen mai da gishiri, mai waldar da muka ba aiki a wurin maƙwabcina yake sayen shinkafa. Ban da haka, wanda ya ci ciniki a ranar gayya shi ne na farko da zai tsawata wa mai zuba shara a kwata bayan an gama.

Ga wurin da nake saɓawa da wasu abokaina. Sau da yawa idan aka ce gayyar 'yan kasuwa, abin da ake gani shi ne masu shaguna a tsaye da fararen kaya suna nuni da yatsa, 'yan dako da yaran shago kuma suna cikin kwata har gwiwa, a ce musu aikin lada ne. Ɗan dako da abin da ya ɗauka a yini yake cin abinci, in ka cinye masa safiya da ƙarfinsa ka ba shi ƙosai uku, kai ka samu kwata mai kyau, shi ya samu ciwon baya. Wanda zai shiga cikin laka a biya shi ladan aikinsa a ranar, kuɗi a hannu, a sa shi cikin kasafi tun farko. Sa kai na masu shago ne da 'ya'yansu da matasan ƙungiyoyin unguwa da suka zo don ra'ayin kansu. Maigida ya zo da tsohon wando, ya tura baro, ya riƙe bakin buhu, ko yaya ne dai a ga hannunsa ya ɓaci. Almajirai ƙanana kuma kada a bari su shiga kwata ko da sun roƙa. In ana son a taimake su, a zuba musu abinci kawai.

Kwana biyu kafin aikin, mutum biyu su bi kwatar da ƙafa daga farkon layi har inda take zubawa a babban lambatu. A duba inda ta karye, inda wani ya zuba siminti ya rufe ta ruf don ya faɗaɗa gaban shago, inda bututun wani gida yake shigowa. Ranar aiki daga ƙasa ake farawa, wato daga bakin da ruwa yake fita, a riƙa yin sama. In kuka fara daga sama, ruwan da kuka saki ba shi da wurin zuwa, sai ya taru a kan masu aikin ƙasa ya mayar da komai kunu. Idan aka buɗe bakin fitar, za ku ga tsohon ruwan da ya kwanta ya fara tafiya da kansa, lakar ta fito fili, shebur ya samu abin kamawa. A raba mutane gida-gida, masu yasa a gaba, masu cika buhu a bayansu, masu baro na kai da kawowa, kada kowa ya taru a wuri ɗaya.

Kwalbatin da ya ratsa ƙarƙashin titi shi ne ya fi cin lokaci, kuma nan ne haɗarin yake. Kada kowa ya rarrafa ya shiga. Ruɓaɓɓiyar laka a rufaffen wuri tana tara iska mai guba da kan sumar da mutum kafin ya ankara, wanda ya bi shi ceto ma ya faɗi. Da dogon rodi mai ƙugiya a baki ake zaƙulo abin da ya toshe, ta wannan baki da wancan. Galibi za ku tarar tsumma ne da katifar soso da buhu suka naɗe, gorunan roba suka taru a bayansu. Abin da ya fi ƙarfin rodi a bar wa hukuma da injinta. Duk mai shiga kwata ya sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri, don a ciki akwai fasassun kwalabe, reza, har da allurar da aka yar. A ajiye jarkar ruwa da sabulu a gefe, ba mai taɓa abinci sai ya wanke hannu. Wanda ƙarfe ko kwalba ta yanka, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a ranar a duba batun allurar tetanus, kada a ce ai ɗan ƙarami ne.

Masu rufe kwata da siminti sai an bi su da lalama. Ba ma cewa a fasa duka. Muna roƙon a yanka silab ɗin gida-gida a sa masa marikin ƙarfe yadda mutum biyu za su ɗaga, kuma asusun layi ya ɗauki rabin kuɗin birkila. Wanda ya ƙi, a kai maganar gaban shugaban kasuwa, kada matasa su zo masa da guduma.

Wani zai ce a kai wa manoma lakar, tunda manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar gari suna zubawa a gona. Takin bola daban, lakar kwata daban. In a layinku akwai masu rini, masu gyaran batir ko bakanikai masu zubar da baƙin mai, wannan laka ba ta gonar da za a shuka abinci ba ce. Abin da ya dace da masu noma da kiwo shi ne ragowar kayan miya, ɓawon kankana, ganyen kabeji da dusa, a tara su daban tun ba su shiga kwata ba. Masu kiwon unguwa da kansu za su riƙa zuwa ɗauka da yamma.

Haka ita ma roba, darajarta tana nan ne kafin ta faɗa kwata. Wadda aka ciro daga laka masu saye ba sa so, in sun karɓa ma a wulaƙance. Shi ya sa bayan gayya muke rataya buhu a ƙofar kowane shago, biyu a wurin mai shayi da mai sayar da ruwa. Ledar fiya wata buhunta daban, gorar ruwa da ta lemo daban, fasassun bokitai da kujeru da jarkoki daban, don kowanne da farashinsa a kilo, kuma gwangwanin lemo ya fi su duka tsada. 'Yan jari-bola suna saye su kai wa masu injin niƙa, daga nan a wuce da su masana'antun roba irin na Sharaɗa da Dakata, su dawo mana a buta da bokiti. Ku tsayar da mai saye ɗaya da kuka san fuskarsa da inda yake zama, ya riƙa zuwa rana ɗaya a mako, a auna a gaban ma'aji. Kuɗin ba su da yawa, kada wani ya sa rai, amma suna rage abin da za a nema a hannun mutane baɗi. Gorunan da ba su lotse ba kuma masu zoɓo da kunun aya suna nema, a ba su su wanke.

In ɗan siyasa ya ji labari ya aiko da gudummawa, ku karɓi shebur da baro ku yi godiya, amma ban da riguna masu hotonsa. Ranar da aka sa su, rabin layi sun daina fitowa.

A bakin kowane kwalbati a sa ragar rodi da za ta tare shara, mai walda ya yi ta, birkila ya dasa ƙafafunta cikin siminti, don in aka ajiye ta haka kawai ba za ta kwana uku ba an kai ta sikeli. Ragar tana da sharaɗi: dole shago biyu mafi kusa da ita su ɗauki nauyin kwashe abin da ta tare bayan kowane ruwa, in ba haka ba ita ce za ta zama toshiyar. A rubuta sunayensu a takardar lissafi. Sannan a ƙarshen Yuli a sake ɗan zagaye na awa biyu da manjagara da buhu, domin ruwan Yuni da Yuli ya riga ya kwaso sharar unguwannin sama ya kawo muku, ga kuma Agusta, watan da ruwa ya fi yawa a Kano, yana tafe. Wannan zagayen ba ya buƙatar tifa, a-kori-kura ɗaya ta isa, sai dai a kama mai ita tun mako guda kafin ranar.