Lokacin da Ya Fi Dacewa a Nemi Burbushin Halittun Teku

Idan kun kafa tantuna a yankin Goronyo na Jihar Sakkwato, inda teku ya malale fiye da shekaru miliyan 66 da suka wuce, ku fita nema da sassafe ko bayan la'asar.

A lokutan nan hasken rana yana zuwa ta gefe, sai haƙorin kifi ko guntun ƙashi ya yi ƴar inuwa, ido ya bambanta shi da tsakuwa. Da tsakar rana komai yakan saje, ga zafi yana ƙarar da ruwan shanku a banza.

Dabarar ba ta aiki idan hazon hunturu ya rufe rana. A ranar, gara ku durƙusa ku bi bakin kwazazzabo sannu a hankali, bayan kun nemi izinin mai gari.